Makin Hajiya

Sana'ata rubuta manhaja. Shekarun baya wata ƙungiya ta ba ni kwangilar haɗa fom ɗin da ma'aikatanta za su riƙa cikawa a waya, don binciken yadda mutane ke riƙe da addini. Da Turanci tambayoyin suka zo, aka fassara, ni kuma na jera su da akwatunan zaɓi. Kafin in miƙa aikin, sai na ce bari in gwada a kan mahaifiyata.

"Hajiya, ban da ɗaurin aure da jana'iza, sau nawa kike zuwa wurin ibada?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Wane wurin ibada kuma? Ga sallayata can."

"Masallaci ake nufi."

"To, Idi biyu. Sai tarawihi in ƙafa ta bar ni."

Na danna "ranakun bukukuwa kawai". Matar da ban taɓa riga ta tashi da asuba ba, mai azumin Litinin da Alhamis, sai ga manhajar da na rubuta da hannuna ta jefa ta cikin masu sakaci da addini.

Daga baya na tarar da kusan wannan tambayar a World Values Survey, binciken da ake maimaitawa a ƙasashe da dama tun 1981. Tushensa Turai ne, inda zuwa coci ranar Lahadi ke nuna mai riƙo. An auna mu da mudun wata kasuwa.

Abin ya fi damuna saboda ƙidayar Najeriya ta 1991 da ta 2006 ba su tambayi addinin kowa ba. Alƙaluman da muke musu a kansu a Facebook daga irin waɗannan binciken suke fitowa, kamar wanda cibiyar Pew ta fitar a 2010 bayan hira da mutum sama da 25,000 a ƙasashen Afirka 19.

Tun rikicin Boko Haram na 2009 kuwa, in ka nemi rubutun masana kan addini a Arewa, tsattsauran ra'ayi ne zai fara cika maka allo. Ya cancanci nazari, jini ya zuba. Amma Islamiyyar matan aure fa, inda Hajiya ta koyi tajawidi da furfurarta? Tafsirin da ke yawo a WhatsApp fa? Hausawa Kiristoci da Maguzawa fa? Sai ka tona sosai kafin ka same su.

Na ƙara wani fili a fom ɗin, inda mutum zai faɗi ibadarsa da bakinsa. Aka ce in cire, wai ba ya lissafuwa. Kuɗin haya na jirana, na cire.

Da na koma gida Hajiya ta ce, "Yaya jarrabawar taku, na ci?"

Na ce, "Kin ci, Hajiya."

Ta ce, "Alhamdulillahi," ta ci gaba da jan carbinta.