Shekarar da Muka Bi Sawun Urdun

Kwamitin wannan mujalla ya roƙe mu mu rubuta wani abu a kan wasanni, gama mu ne muke riƙe da usur a filin makaranta kowace Laraba da yamma. Muna tsammani sun sa rai za mu yi maganar ƙwallon ƙafa, ko kuwa gasar gidaje ta zangon da ya wuce. To, a gafarta mana. Labarin da ya daɗe a ranmu na wani wasa ne da ba mu taɓa bugawa ba, ba mu kuma taɓa ganinsa a fili da idonmu ba, watau besbol na Amurkawa. Mun bi sawun ɗan wasa guda ɗaya tun daga Afrilu har Satumba na 1994, sa'ad da muke aji huɗu na sakandare a wata makarantar mishan irin wannan tamu.

Malamin lissafinmu a lokacin Ba'amurke ne, mutumin jihar Alabama. Mahaifiyarsa takan yanko masa shafin wasanni daga jaridar garinsu ta aiko ta gidan waya, ambulan ɗin kuwa yakan yi mako uku ko huɗu a hanya. Wata safiya ya shigo aji da hoton wani dogon mutum riƙe da sanda, ya tambaye mu ko mun gane shi. Duk muka gane shi mana. Michael Jordan ne, wanda ya ci wa Chicago Bulls kofin ƙwallon kwando sau uku a jere, a 1991, 1992 da 1993. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne sandan. Da yake sunansa ɗaya da kogin da aka yi wa Ubangijinmu baftisma a ciki, kafin a tashi daga aji mun riga mun mai da shi Urdun.

Malam ya ba mu labari. A watan Yuli na 1993 wasu samari suka kashe mahaifin Jordan a cikin motarsa a bakin hanya, a jihar North Carolina. A watan Oktoba ɗan ya ce ya bar ƙwallon kwando. Uban kuwa mai son besbol ne ƙwarai, ya daɗe yana marmarin ganin ɗansa a wannan wasa. Saboda haka a watan Fabrairu na 1994, yana da shekara 30 a duniya, Jordan ya sa hannu a takardar ƙungiyar Chicago White Sox, alhali rabonsa da besbol tun yana sakandare. Ba a sa shi cikin manya ba. Besbol yana da azuzuwa kamar makaranta, ɗan wasa yakan hau mataki bayan mataki kafin ya kai babban rukuni, yawancinsu ma ba sa kaiwa. Aka tura shi Birmingham Barons, wadda take mataki biyu ƙasa da manya. Wannan Birmingham ɗin ta Alabama ce, kada a ɗauka ta Ingila ce. Albashin wurin a 1994 dala 850 ne a wata, da dala 16 kuɗin abinci a rana, tafiya kuma a bas ake yi, daga Memphis zuwa Knoxville zuwa Orlando. Mun nemo garuruwan nan duka a taswirar ɗakin karatu.

Ga yadda wasan yake a taƙaice, don ƙananan 'yan aji ɗaya. Mai jifa yana tsaye kamar mita 18 daga mai bugu, yana wurgo masa ƙwallo mai tauri da gudun da ya kai kilomita 145 a sa'a, wani lokaci ma ya fi. Kafin ka ƙifta ido sau biyu ta wuce. Mai bugu zai doke ta da sanda, ya ruga ya taka tashoshi uku ya komo gida, a nan ne ƙungiyarsa za ta sami maki. In ya kasa taɓa ƙwallo mai kyau har sau uku, an fitar da shi. Ana auna gwanintarsa da lissafi mai sauƙi: a raba yawan bugun da ya ci da yawan zuwansa bugu. Wanda ya ci uku cikin goma, watau .300, gwani ne. Wanda ya sauka ƙasa da biyu cikin goma, watau .200, ya kamata ya fara neman wata sana'a. Wannan lissafin ne malam yake so, gama ya gaji da koya mana rabawa da ɗigo muna hamma. Ya manna babban kwali a bayan aji, ya ja layuka, ya ce duk ambulan da ya iso za mu ƙara lambobin kwanakin, mu raba, mu rubuta.

Aikin rabawar ya faɗa a kan wani abokinmu, wanda za mu sakaya sunansa. Daga ƙauye ya zo, inda ya yi ta zuwa na ɗaya tun daga aji ɗaya na firamare har ya gama, hedimasta da kansa ya goyo shi a babur zuwa jarrabawar shiga. Da ya iso cikinmu sai lissafi ya kayar da shi warwas. A gwajin farko na wannan shekarar ya ci 20 cikin 100. Muna jin shi ya sa malam ya ba shi alli.

Jordan ya buga wasansa na farko ranar 8 ga Afrilu da ƙungiyar Chattanooga, ya je bugu sau uku bai ci ko ɗaya ba. Ba mu damu ba, gama labarin bai iso mu ba sai a watan Mayu, mu kuwa har lokacin muna cikin murnar kofin Afirka da Super Eagles suka ɗauko a Tunisiya ranar 10 ga Afrilu, bayan sun ci Zambiya 2 da 1. Amma ambulan na biyu ya tashe mu tsaye. Urdun ya yi wasa 13 a jere yana cin bugu a kowanne, lambarsa ta kai .327. Muka yi ta ihu muna cewa gwani gwani ne ko ina aka kai shi. Malam dai ya yi murmushi, ya ce mu jira.

Abin da malam ya sani, mu ba mu sani ba, shi ne masu jifa suna da wayo. Da farko miƙaƙƙiyar ƙwallo suke wurgo masa don su gwada shi. Da suka ga yana iya taɓa ta, sai suka koma wa masu lanƙwasa, waɗanda suke tahowa kamar za su bi ta ƙirjinka sa'an nan su karkace su faɗi ƙasa. Tsawonsa kuma, kusan mita biyu, wanda ya yi masa rana a ƙwallon kwando, a nan ya zame masa kaya, domin wurin da mai jifa zai auna ya yi faɗi. Lambar ta fara gangarowa. Kowane ambulan ya zo, abokinmu zai tsaya a gaban kwali yana gumi, yana rabawa, yana sharewa da gefen hannu, amsar kuwa kullum ƙasa da ta baya. Ta bar .300, ta bar .250, har ta nutse ƙasa da .200.

A ɗakin kwana gardama ta kaure. Wasu suka ce alfarma ce kawai, gama mai Bulls, Jerry Reinsdorf, shi ne kuma mai White Sox, akwai kuma wani yaro a wani wuri da ya yi shekaru yana fama wanda aka hana shi wannan gurbi. Har yau ba mu ce masu wannan magana sun yi ƙarya ba. Ƙungiyar ta sayar da tikiti fiye da 467,000 a filinta a wannan kakar, ba don ganin gwanintar bugu mutane suka yi ta tururuwa ba. Mujallar Sports Illustrated ma tun a watan Maris ta sa shi a bangonta tana cewa ya haƙura, yana kunyata wasan. Wasu kuma suka ce mutumin da ya binne ubansa a bar shi ya yi makokinsa yadda ya ga dama. Sa'an nan Yuni ya zo ya kwashe hankalinmu gaba ɗaya. Ranar 21 ga wata Rashidi Yekini ya ci Bulgeriya ya kama raga yana kuka, washegari Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya ɗauki kofin ƙwallon kwando da Houston Rockets, kofin da Jordan ya bari. Wa zai kula da mai cin biyu cikin goma?

A nan ne muka yi abin da ya sa muke rubuta wannan. Sunan Urdun ya tashi daga kan ɗan wasan ya koma kan abokinmu. Na ɗaya a ƙauye, na ƙarshe a birni, 20 cikin 100, ai lissafin ya yi daidai. Mu ne muka fara kiransa haka a layin abinci, aka yi dariya, sunan ya bi shi. Bai taɓa yin faɗa a kai ba. Ya ci gaba da zuwa gaban kwalin ko da ba kowa a ajin, gama sauranmu mun daina leƙawa.

Bayan Italiya ta fitar da mu ranar 5 ga Yuli, ƙasa ta shiga yajin aikin ma'aikatan mai. Fetur ya yi wuya, motoci suka tsaya, ambulan ya daina zuwa, mu ma muka tafi hutu. Sai da muka komo muka tarar da guda uku a haɗe a teburin malam. A cikinsu akwai labarin ranar 30 ga Yuli. A wasa da Carolina Mudcats, bayan ya je bugu fiye da sau 350, Urdun ya doki ƙwallo ta tsallake katangar fili karo na farko, irin bugun da mutum yake zagaya tashoshi duka a hankali ba mai tare shi. Da ya taka gida sai ya ɗaga yatsa sama. Washegari ce ranar haihuwar mahaifinsa. Malam ya karanta mana wannan sashe da kansa, ajin kuwa ya yi tsit, domin akwai marayu a cikinmu.

Abokinmu ne ya lura da wani abu da ya wuce mu duka. Ya ce in aka ware makonnin ƙarshe aka raba su su kaɗai, lambar ta fi ta Yuni da Yuli nesa. Jimillar kaka duka ce take danne ta, gama ramin da aka haƙa a tsakiyar shekara yana da zurfi. Malam ya dube shi ya ce ya maimaita da ƙarfi. A cikin yankakkun jaridun akwai kuma labarin yadda mutumin yake riga kowa zuwa fili, ya yi ta dukan ƙwallo kafin wasa da bayan wasa, har tafin hannunsa ya yi kanta ya fashe.

Kaka ta ƙare a farkon Satumba. Wasa 127, zuwa bugu 436, ya ci 88. Abokinmu ya raba a allo, ya sami .202, da ƙyar ya haye layin nan na biyu cikin goma. Ya tsallake katanga sau 3, ya shigo da abokan wasansa gida sau 51, ya saci tasha sau 30, an kama shi sau 18. An fitar da shi da jifa sau 114, ya yi kuskure 11 a tsaron fili. Duk wanda ya ga .202 kaɗai zai ce an faɗi, haka duniya ta ce, mu ma haka muka ce. Amma daga nan ya tafi gasar kaka ta Arizona, inda ake tara samarin da ake sa wa rai, ya ci .252. Kocinsa na Birmingham, Terry Francona, wanda daga baya ya ci kofin manya da Boston Red Sox a 2004 da 2007, ya sha faɗa cewa da mutumin ya sami ƙarin zuwa bugu kamar dubu, da ya kai babban rukuni. Ba a gwada ba. 'Yan wasan manya sun shiga yajin aiki tun Agusta na 1994, aka fara neman 'yan ƙananan rukunoni su maye gurbinsu, Jordan ya ƙi ya zama ɗaya daga cikinsu. A watan Maris na 1995 ya koma Bulls sanye da lamba 45, wadda ya sa a Birmingham, ya ƙara cin kofi uku a 1996, 1997 da 1998.

Namu Urdun ba shi da Bulls da zai koma. A jarrabawar ƙarshen shekara ya ci 38 a lissafi, ana haye wa da 40. Daga 20 zuwa 38 tafiya ce mai nisa, amma takardar sakamako gurbi ɗaya gare ta, aka rubuta da jan biro cewa ya faɗi, zai maimaita aji. Malam ya yi masa magana a ofis, doka dai ta tsaya a inda take. Mahaifinsa manomi ne mai 'ya'ya bakwai, ya ce ba shi da kuɗin biyan aji ɗaya sau biyu. Ranar da ya ɗaure akwatinsa ba mu raka shi tasha ba, muna filin ƙwallo.

Yanzu mu ne muke riƙe da jan biro. A ƙarshen kowane zango mukan cika takardu fiye da ɗari, gurbin da aka bar wa malami ya yi sharhi kuwa bai fi faɗin yatsa biyu ba. Abokan aikinmu sun san mukan makara wajen miƙa namu, har mataimakin shugaban makaranta ya taɓa yi mana tsiya a taron malamai. Dalilin shi ne mukan koma littafin gwaje-gwaje mu ware na makonnin ƙarshe mu raba su su kaɗai, yadda aka nuna mana a 1994, sa'an nan mu matse abin da muka gani a cikin ɗan gurbin nan. Wani lokaci yakan taimaki yaro a gaban iyayensa, wani lokaci ba ya hana kome.

A 2022 muka je sayen masara don kicin ɗin makaranta a wata kasuwar hatsi, sai muka ji wani ɗan dako yana kira, "Baba Urdun, ga baƙi!" Ga shi nan zaune a kan buhu, ya yi ƙiba, furfura ta fito masa a gemu. Rumbuna biyu gare shi. Muka gaisa, muka tambayi iyali, muka fara kame-kamen neman gafara a kan sunan. Ya kaɗa hannu, ya ce rabin kasuwar nan ba su san sunansa na baftisma ba, 'ya'yansa ma suna tsammani don kogin aka sa masa. Muka ce buhu 34 muke so. Kafin mu ciro waya mu latsa, ya riga ya faɗi kuɗin, har da na dako da na mota. Da aka gama lodi ya rako mu bakin hanya, ya riƙe ƙofar motar, ya ce, "Malam, tamanin da takwas cikin nawa ne ma?" Muka ce ɗari huɗu da talatin da shida. Ya ce, "Ashe kana tune," ya rufe mana ƙofa.