Hukuncin Rabin Lokaci

Mun shiga kwanakin farko na azumin shekarar 2022 ke nan, zafin Kano bai bar kowa ya yi barci mai nauyi ba. Ƙarfe biyu na dare na tashi, na jona kwamfuta da talabijin, na ƙwanƙwasa ƙofar ɗana na fari kamar yadda muka yi alkawari. A can Amurka daren Litinin ne, 4 ga Afrilu, kuma a birnin New Orleans za a buga wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta jami'o'i, tsakanin Jami'ar Kansas da Jami'ar Karolina ta Arewa.

A garin Lawrence, inda Jami'ar Kansas take, na yi karatun digiri na biyu, kuma wanda ya zauna a can ba ya fita ba tare da ƙwallon kwando ta shiga jininsa ba. James Naismith, wanda ya ƙirƙiro wasan a 1891, shi ne kocin farko na Kansas tun 1898, kabarinsa ma yana garin. Zauren wasansu, Allen Fieldhouse, da aka buɗe a 1955, idan ya cika da ɗalibai mutum ba ya jin maganar na kusa da shi. Gasar kuwa sili-ɗaya-ƙwale ce: ƙungiyoyi 68 ke shiga a watan Maris, duk wadda aka doke sau ɗaya ta kama hanyar gida. A 2020 Kansas ce kan gaba a ƙasar baki ɗaya, da ɗan Najeriya Udoka Azubuike a ƙarƙashin kwando, sai annobar korona ta sa aka soke gasar. Wannan takaicin muka riƙe shekara biyu. A 2022 kuma tauraron ƙungiyar shi ne Ochai Agbaji, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne. Saboda haka na zauna gaban talabijin da zuciya cike da buri, har buri ya yi mini yawa.

Ɗana yana da shekara goma sha huɗu a lokacin. Ya fi tsaransa tsawo da jiki, ba shi da sauri, kuma ba mai yawan magana ba ne. Cikin 'yan wasan Kansas wanda yake so shi ne David McCormack, ƙaton da ya haura mita biyu, mai tsayawa kusa da kwando ana turereniya da shi. An yi wa McCormack tiyata a ƙafa bayan kakar 2021, ya dawo yana wasa yau da kyau gobe ba kyau, magoya baya da yawa suna ta sukarsa. Ina cikin masu sukar. Ko maki 25 da ya ci a karawarsu da Jami'ar Villanova kwana biyu kafin wannan daren bai sa na sauya ra'ayi ba.

An fara da kyau, Kansas ta ci maki bakwai kafin abokan karawarta su ci ko ɗaya. Daga nan abu ya juye. 'Yan Karolina, waɗanda suka fitar da Duke a wasan kusa da ƙarshe, suka mamaye ƙarƙashin kwando. Duk ƙwallon da ta bugi ƙarfe ta dawo, a hannun Armando Bacot take sauka. Namu kuwa har jifan da ke gab da kwando suna ɓarar da shi. Karolina ta ci maki 16 a jere, allo ya nuna 38 da 22. Aka tafi hutun rabin lokaci ana 40 da 25.

A nan na yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Na miƙe na nuna McCormack da yatsa yana fita daga fili, na ce: "Dube shi. Girman banza. Wannan har ya mutu ba zai yi abin kirki ba." Na ɗauki waya na shiga zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, na rubuta cewa wasa ya ƙare, waɗannan yara ba su da zuciya, kowa ya je ya kwanta. Sannan na kashe talabijin.

Yaron bai ce komai ba na ɗan lokaci. Can ya ce, "Baba, ka bar mini kwamfutar in ƙarasa." Na ce idan yana son ɓata barcinsa a kan gawa, ga shi ga ta. Na shige ɗaki.

Ban yi barci ba. Bayan kamar rabin sa'a ya zo bakin ƙofa, muryarsa ƙasa ƙasa don kada ya ta da ƙannensa: "Baba, sun farke. Ana hamsin da hamsin." Na ji shi sarai. Girman kai ya danne ni a kan katifa, na ce ya ƙyale ni. Na riga na yanke hukunci, kuma a wannan lokacin na fi son hukuncina ya tabbata a kan ƙungiyata ta yi nasara. Wannan ita ce gaskiyar da ta fi yi mini ɗaci idan na tuna.

Abin da na ƙi kallo shi ne mafi kyawun minti goma da Kansas ta buga a shekarar. Daga baya na zauna na kalle shi ni kaɗai. Sun dawo suna matsa wa mai riƙe da ƙwallo, suna ƙwace ta, suna rugawa kafin 'yan Karolina su koma su tsare gida. Christian Braun da Jalen Wilson suka riƙa kutsawa har kwando, Remy Martin ya riƙa jefa ta maki uku daga kusurwa. Cikin kusan minti goma suka ci 31, aka ci su 10, suka wuce gaba da 56 da 50. An ruwaito cewa a ɗakin sauya kaya kocinsu Bill Self ya tambaye su wanne suka fi so: a fi su da maki 15 saura minti ashirin, ko a fi su da tara saura minti biyu. Yana tuna musu wasan ƙarshe na 2008 ne. Ni kuwa ina Lawrence a 2008. Da idona na ga Memphis tana gaba da maki tara saura minti biyu da 'yan daƙiƙu, na ga Mario Chalmers ya jefa ta maki uku saura daƙiƙa biyu aka yi kunnen doki, aka ƙara lokaci Kansas ta ci 75 da 68. A daren nan na bi dubban mutane muka cika titin Massachusetts muna ihu. Darasin da kocin ya tuna wa yaransa, ni ma na taɓa karanta shi, na mance da shi a ranar da nake bukatarsa.

Sai da na ji mahaifiyar yara ta tashi ɗumama abincin sahur sannan na fito, kamar ruwa na zo sha. Saura ƙasa da minti biyu, Karolina ta sake wucewa da 69 da 68. McCormack ya yi jifa bai shiga ba, ya cafke ƙwallon da kansa a tsakiyar mutane, ya sake ɗagawa ta faɗa. Bacot, wanda dama yake wasa da ciwon idon sawu, ya gurɗe aka fitar da shi yana ɗingishi. Saura daƙiƙa 22 aka sake miƙa wa McCormack, ya juya ya zura ta biyu, 72 da 69. Ko a nan ba a huta ba, domin Dajuan Harris na Kansas ya taka layi saura daƙiƙa huɗu, ƙwallo ta koma hannun Karolina. Caleb Love ya jefa daga nesa, ba ta shiga ba. Kansas ta ɗauki kofinta na huɗu, bayan na 1952 da 1988 da 2008, kuma ba a taɓa samun ƙungiyar da ta farke tazarar maki 16 a wasan ƙarshe na gasar ba sai ita. Maki huɗu na ƙarshe duk daga hannun mutumin da na kira girman banza suka fito.

Na daka tsalle ina cewa "Mun ci! Mun ci!" Sannan na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko muni. Na ɗauki waya, na goge saƙon da na rubuta ɗazu, na rubuta sabo cewa dama na san Kansas ba ta mutuwa. Yaron yana gefena, yana ganin fuskar wayar.

Muka zauna sahur. Ya sha kunu kaɗan ya ajiye ludayi. Kansa a sunkuye ya ce, "Baba, abin da ka faɗa a kan McCormack, shi ka faɗa a kaina ranar da na kawo sakamako."

Lomar da ke hannuna ta ƙi kaiwa baki. Kwanaki kaɗan kafin azumi ya kawo takardar sakamakon zango na biyu, ya faɗi lissafi karo na biyu a jere. A tsakar gida, a gaban ƙannensa, na ce masa girman banza ne, ba zai yi abin kirki ba. Na faɗa na wuce masallaci, na mance. Shi bai mance ba. Sai a lokacin na fahimci dalilin da ya sa yake son wannan ɗan wasa, da dalilin da ya sa ya ƙi tashi daga gaban kwamfuta. Yana so ya gani ko wanda babansa ya yanke wa hukunci yana iya tashi.

Mu Hausawa muna da kunyar ɗan fari. Ba ma kama sunansa, ba ma yabonsa a gaban mutane, ba ma jansa a jiki. Na girma a kan haka kuma ban raina al'adar ba. Amma na lura cewa kunyar nan ta hana ni yabo, ba ta taɓa hana ni zagi ba. Yaron da ba ya jin kalma mai daɗi daga bakin ubansa, idan mai ɗaci ta fito ita kaɗai yake da ita, ita zai riƙe. Magana zarar bunu ce. Saƙon waya na iya gogewa, wanda na rubuta a zuciyar yaro ba shi da maɓallin gogewa.

Bayan mun dawo sallar asuba na kira shi ɗakina. Ban taɓa ba shi haƙuri ba tun da aka haife shi, kuma harshena ya yi nauyi ƙwarai. Na ce masa abin da na faɗa ba gaskiya ba ne, fushi ne, kuma ko da fushi bai halatta in faɗa ba. Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ba komai, Baba," yana share ido. Da daddare bayan shan ruwa na tara ƙannensa na maimaita a gabansu, tunda a gabansu na ci masa fuska. Na kuma koma zauren tsofaffin ɗalibai na rubuta cewa ni ne na ce wasa ya ƙare, ni ne na goge, kuma ban san za a ci ba.

Da na zauna da shi a kan littafin lissafi sai na gano abin da ya kamata in nema tun farko. Tun wata jinya da ya yi a aji ɗaya aka wuce shi a darasin ɓangarorin lamba, duk abin da aka ɗora a kai daga baya ya zama gini a kan rami. Yana jin tsoron tambayata. Muka sama masa malamin da ke zuwa gida, ni ma na riƙa zama da shi bayan isha'i. A zango na uku ya ci lissafi da kyar. Ban taɓa murnar wata takarda kamar wannan ba.

Na yi tunani a kan abin da ya raba ni da kocin nan a wannan daren. Allo ɗaya muka kalla, 40 da 25. Shi ya shiga wurin yaransa ya ƙirga musu lokacin da ya rage, ya nuna musu abin da za a gyara. Ni na ƙirga abin da aka rasa, na rufe littafi. A watan Janairun shekarar mahaifin kocin ya rasu, ga nauyin jami'a guda a kansa, bai zagi kowa a bainar jama'a ba. Ni da nake zaune a kan kujera a Kano, ban zubar da gumi ko ɗigo ba, ni ne na ce matasa 'yan shekara ashirin da 'yan kai ba su da zuciya. Da Caleb Love ya zura ƙwallon nan, aka ƙara lokaci, Kansas ta faɗi, maganata ba za ta zama daidai ba. Yaran da suka taso daga tazarar maki 16 sun riga sun nuna zuciyarsu ko an ci ko ba a ci ba. Haka 'yan Karolina, waɗanda suka yi wasa har ƙafar ɗayansu ta gaza. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma wanda ya tashi daga kan akushi tun da sauran miya ba shi da bakin faɗin wanda ya ci.

Ɗan'uwa mai karatu, wataƙila ba ka taɓa kallon ƙwallon kwando ba. Amma kana da ɗa, ko ƙane, ko almajiri, ko yaron shago, wanda yanzu haka ake binsa maki da yawa. Ka faɗa masa inda ya yi kuskure, ka tsawata idan ta kama, wannan haƙƙinsa ne a kanka. Kada ka ce masa ya ƙare, domin Allah kaɗai ya san ƙarshen bawa. Idan kuma bakinka ya riga ya suɓuce kamar nawa, kada ka goge ka yi shiru. Ka kira shi yau, ka ba shi haƙuri a gaban waɗanda suka ji ka.