'Yar Yawuri a Kogin Nilu

A garin Jinja na ƙasar Yuganda akwai wata sana'a da idan ka ba kakarka labarinta za ta ce ka daina ƙarya. Mutane ne ke biyan kuɗi masu kauri, a zuba su a kwale-kwalen roba da aka hura wa iska, a kai su inda Kogin Nilu ya fi hauka, ruwa ya kifar da su, su fito suna dariya suna neman ƙari. Masu wasan suna kiran irin wannan wuri farin ruwa, domin idan kogi ya taho a guje ya daki duwatsu sai ya zama kumfa fari fat, kamar an kaɗa nono. Shekarata biyu ina karatu a Kampala ina jin labarin, amma ban taɓa leƙawa ba. Kuɗin shiga na yini guda ya haura dala ɗari, ɗalibi kuwa kun san yadda aljihunsa yake.

A hutun watan Yuli ne Yayana da matarsa suka kawo mini ziyara daga gida. Bari in gabatar muku da su, don labarin nasu ne, ni ɗan rakiya ne kawai. Yaya Bakano ne na cikin badala, ruwa mafi zurfi da ya taɓa shiga shi ne wanda ke kwanciya a lungunmu da damina. Anti kuwa 'yar Yawuri ce. A bakin Kwara ta tashi, tun tana 'yar firamare take riƙe filafili, kawunnanta duk masunta ne. Shi ya zo da shirin kwana a otal da zaga kantuna. Ita tun a jirgi ta gama yanke shawarar inda za a je. Kwana biyu suna ja-in-ja a kan kuɗin, daga ƙarshe ta kawo mafita: a fasa otal, a yi hayar tanti biyu da mota, mu dafa abincinmu da kanmu, abin da ya yi rara a biya kuɗin ruwa. Yaya ya dube ni yana neman ɗan goyon baya. Ni kuwa da na ji har da ni a lissafin, sai na ce ai tafiya mabuɗin ilimi ce.

Daga Kampala zuwa Jinja bai fi kilomita 80 ba, amma kada nisan ya ruɗe ku. Wannan hanya ita ce ke ɗauko manyan motocin kaya daga Kenya, don haka cunkoson Mukono kaɗai ya cinye mana fiye da awa guda. Ga shi a Yuganda ta hannun hagu ake tuƙi, sitiyari na dama. Duk sanda Yaya zai sa sigina sai abin goge gilashi ya tashi, Anti ta ce, "Yallaɓai, ruwan sai gobe." Mun wuce gonakin rake na Lugazi, muka ratsa dajin Mabira inda bishiyoyi ke rufe sama har ka ɗauka magariba ta yi. A bakin hanya muka sayi gasasshiyar ayaba da suke kira gonja. Da la'asar muka hau sabuwar gadar da aka buɗe a 2018, mai igiyoyin ƙarfe kamar tsirkiyar gurmi, sai ga Nilu a ƙarƙashinmu.

A nan ne kogin ke fitowa daga Tafkin Biktoriya ya kama hanyar arewa, ya ratsa Sudan ta Kudu da Sudan da Masar har Bahar Rum. Littafin tarihi zai ce muku Baturen Ingila John Speke ne ya iso wurin a 1862. Haka ne, sai dai ya tarar da mutane suna kamun kifi a gaɓar, kuma sunan garin ma daga kalmarsu ta dutse ya samo asali.

Mun kafa tantunanmu a wani sansani da ke kan tudu a Bujagali, arewa da gari kaɗan. Kafa tanti aiki ne na mutum biyu, ɗaya ya riƙe sanda ɗaya ya ja igiya, kuma a nan na fara ganin abin da ban saba gani a gida ba. A Kano Yaya ne mai cewa a yi, a bari. A nan sai ga shi da guduma a hannu yana tambaya, "Hajiya, wannan turken ina za shi?" Ta dafa mana taliya da manja a kan ƙaramin risho, birai na leƙenmu daga kan bishiya. Bayan isha muka zauna muna kallon ruwan da ke ƙasa, ya kwanta lumui kamar an shimfiɗa tabarma.

Wani ma'aikacin sansanin ya ce mana da can ba a iya hira a wannan wuri sai da ɗaga murya, saboda rurin ruwan da ke gangarowa kan duwatsu. Madatsar ruwa ta Bujagali da aka kammala a 2012, mai ba da megawat 250 na lantarki, ita ta haɗiye gangaren. Kafin ita, madatsar Owen Falls ta 1954 ta shafe gangaren da Speke ya gani. Bayanta kuma ta Isimba, a 2019, ta cinye wasu a can ƙasa. Anti ta ce ai wannan labarin garinsu ne. Kwara ma tana da nata farin ruwan a Bussa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, amma tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 duwatsun da tsohon garin duk suna ƙarƙashin tafki. Na yi jarrabawa a kan Mungo Park a sakandare, ban taɓa kawo wa raina cewa ruwa irin wanda za mu shiga gobe ne ya ci shi ba. Na lura Yaya bai ƙara cewa uffan ba a daren.

Da safe mota ta kwashe mu zuwa mashiga, ƙasa da madatsar. Kafin kowa ya taɓa ruwa sai da aka yi mana darasi na kusan awa guda, kuma wannan darasin ne na fi so ku riƙe. An ba kowa hular kwano da filafili da rigar kariya, wato rigar nan mai soso da ke hana nutsewa. Jagoranmu, wani saurayi ɗan ƙauyen bakin kogin, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana ɗaure igiyoyin rigar har sai numfashi ya yi wuya, sannan ya kama kafaɗunta ya ɗaga. Idan rigar ta zamo ta taɓo kunnenka, ba ta ɗauru ba, a sake. Ya roƙi Anti ta cire dogon hijabinta don kada ya sarƙe a dutse ko igiya. Ashe ta shirya: ta zo da ƙaramin mai kama kai, da riga mai dogon hannu da wando har idon sawu.

Dokokin ba su da yawa. Kada ka saki kan filafilinka, don shi ne ke fasa haƙoran maƙwabci. Idan an ce a duƙa, ka faɗa cikin kwale-kwalen ka kama igiyar gefe. Idan ka faɗa ruwa, ka kwanta rigingine, ƙafafu a gaba suna fuskantar inda ruwa ya nufa, domin gara tafin ƙafa ya daki dutse da kai ya daka. Wadda ya fi nanatawa ita ce kada ka kuskura ka miƙe tsaye a ruwa mai gudu, ko da iya gwiwa ne. Ƙafa na iya maƙalewa tsakanin duwatsu, ruwa ya danne ka ta baya, a nan ko gwanin iyo ba shi da dabara. Anti ta gyaɗa kai, ta ce haka kawunta ke faɗa.

Daga nan, a wuri mai kwanciyar ruwa, jagoran ya kifar da mu da gangan don gwaji. Yaya ya ɓullo yana salati da ƙarfi, hannuwa na dukan ruwa. Sai kuma ya tsaya cak, ya dubi ƙirjinsa. Rigar ta riƙe shi, kansa na sama, bai yi komai ba. Mutumin da bai iya iyo ba yana shawagi a tsakiyar Nilu kamar gora. Akwai wani babban kwale-kwale da ke biye da mu don wanda ya ji tsoro ya koma ciki, jagoran ya nuna masa shi. Yaya ya dubi matarsa, ya ce a'a.

An kasa ƙarfin irin wannan ruwa mataki shida. Na ɗaya yaro ma zai wuce, na biyar sai da ƙwararren jagora, na shida kuwa ba a shiga da fasinja. Ana sa masu ƙarfin tuƙi a gaba don sauran su bi bugunsu. Jagoran ya fara sa Yaya da wani ƙaton Bature, ganin ƙirarsu. Ba a yi nisa ba ya sauya. Su biyun ƙarfi suke zubawa, kowa da nasa lokacin, kwale-kwalen na ta juyi kamar tuwo a tukunya. Anti kuwa filafilinta na shiga ruwa ba fantsama, yana fita ba hayaniya. Ya dawo da ita gaba, ya sa Yaya a bayanta, ya ce masa abin da matarka ta yi shi za ka yi. Na so in yi dariya, amma ƙanin miji ma ya san lokacin da ake kama baki. Abin da ya ƙara burge ni shi ne yadda take karanta ruwan. Tun kafin jagora ya yi magana za ta nuna inda ruwa ya yi santsi kamar harshe, ta ce nan ce hanya, ta nuna inda ya yi tozo, ta ce akwai dutse a ƙasa.

Wajen azahar muka fara jin rurin Itanda tun ba mu gan shi ba. Farkonsa mataki na shida ne, don haka muka fito gaɓa, aka ɗauki kwale-kwalen aka zagaye ta ƙasa. Na tsaya a kan dutse ina kallon kogi guda yana matsuwa ta cikin 'yar hanya, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafata. A ƙarshen gangaren aka sake saka mu. Mun yi bugu biyar ko shida, na ji an ce a duƙa, sai wani bangon ruwa ya miƙe a gabanmu. Daga nan sai duhu da ƙara. Ruwa ya juya ni har na rasa ina ne sama. An ce mana idan haka ta faru a dunƙule a ƙirga, rigar za ta yi aikinta. Ban kai goma ba na ji iska a fuskata. Ɗaya daga cikin samarin da ke rakiyarmu a ƙananan kwale-kwale na mutum ɗaya ya riga ya iso, na kama igiyar bayansa. Can gefe na hango Anti, hannu ɗaya a igiyar kwale-kwalen da ya kife, ɗayan a kafaɗar rigar Yaya. Mu takwas muka faɗa, mu takwas aka tsamo, asarar da aka yi ita ce takalmin Baturen nan ƙafa ɗaya.

A inda ruwa ya lafa aka yanka mana abarba. Kowa na ihu yana ba da labarin yadda ya sha ruwa, har da Yaya, wanda yanzu bakinsa ya buɗe. Anti ce kaɗai ta yi shiru tana murza igiyar rigarta. Da na tsokane ta, sai ta ce Warra take tunani. A watan Mayun 2021 wani jirgin ruwa da ya ɗauko mutane sama da 150 ya nutse a Kwara kusa da Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, kaɗan ne suka tsira. Ni kuma na tuna Bagwai a jihar Kano, a ƙarshen Nuwamban shekarar, inda kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari, mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, sa'o'in wasu daga cikinku. Ruwan da ya ci su bai kai rabin rabin haukan Itanda ba. Ta ce duk shekarun da ta yi tana hawa kwale-kwale a gida, yau ce rana ta farko da ta sa wannan riga.

A tantin Kampala, wato ɗakin kwananmu na makaranta, na sha jin abokai na cewa wannan wasa almubazzaranci ne na Turawa da masu kuɗi, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Amma ni abin da na gani a Jinja shi ne mutanen da suka ɗauka cewa kwale-kwale zai kife, suka shirya wa kifewar tun a gaɓa: ƙirga mutane, ɗaure riga, sa masu ceto a gaba da baya. A gida ana lodin mutane da buhuna da babura har bakin jirgi ya kusa shafar ruwa, a ce Allah ya kiyaye. Masu yawon shaƙatawa sun sami abin da mai zuwa kasuwa da mai zuwa makaranta ba su samu ba, wannan kuwa ya tsaya mini a rai fiye da tsoron da na ji a ƙarƙashin ruwa.

Mun ƙara kwana ɗaya a Bujagali, aka yi ruwan sama cikin dare, tantin ya riƙe. Da za mu tafi Anti ta tambayi jagoran ko zai sayar mata da riga, ya ce kayan aiki ne, amma ya kwatanta mata inda ake samu a Kampala. Ta zo ne da niyyar sayen atamfofin Yuganda na tsaraba, har ta ware musu rabin akwati. Ranar da na raka su filin jirgin sama na Entebbe, riguna huɗu ne a wurin, ƙanana, na 'ya'yan yayarta da ke tsallaka ruwa zuwa makaranta. Akwatin ya ƙi rufuwa saboda soso ba ya lanƙwasuwa, sai da Yaya ya zauna a kai ta ja zif ɗin.