Tabon Tsakuwa

A jihar Minnesota ta Amurka, inda nake zaune, tafkuna sun haura 11,000, shi ya sa jirgin ruwa ba kayan attajirai kaɗai ba ne. Malamin makaranta ma yana da ɗan kwalekwalensa mai inji, a gefen gida, a kan tirela. Ba irin tirelar da ke dakon siminti ba. Wata 'yar amalanke ce ta ƙarfe mai taya biyu da ake maƙala wa mota a baya. Jirgin kowa yake yabo. Ni abin da ke ɗauke da shi ya fi damuna, domin iyalina ne a cikin motar da ke jan sa.

Tayoyin motar su ke watso tsakuwa baya, kowace ta ɓantari fenti kamar ƙwayar dawa. Ido ba ya ma tsayawa a kai. To amma duk lokacin da za a sauke jirgi sai an tsunduma tirelar cikin ruwa, ga kuma ragowar gishirin da ake zuba wa tituna lokacin ƙanƙara. Tsatsa takan shiga ta wannan 'yar kafa, ta bi ƙarƙashin fenti, sai ka ga wurin ya kumbura kamar ƙurji.

Kafin a buɗe kamun kifi a watan Mayu nakan ba ta yini guda. In wanke, in bari ta bushe sarai. Kowane tabo in bi shi da burushin ƙarfe da sanfefa har ƙarfe ya yi haske, in goge maiƙo, in shafa fentin ƙasa mai hana tsatsa, sannan na sama, siriri-siriri sau biyu. Wanda ya shafa fenti a kan tsatsa ɓoye ta kawai ya yi. Launin ba ya taɓa dacewa da tsohon; tawa yanzu dabbare-dabbare take kamar zabuwa, ban kuwa damu ba. Inda nake tsayawa in daɗe shi ne bakin walda. Nakan ƙwanƙwasa da guduma, domin ƙarfe mai rami daga ciki yake ruɓewa. Idan sautin ya mutu, wannan ba aikin fenti ba ne, na mai walda ne.

Batun tamfol kuma har yau ba mu daidaita da maƙwabcina ba. Shi sai ya rufe jirginsa kafin ya hau hanya, wai saboda ƙura da ruwan sama. Amma tamfol ɗin ajiya daban, na tafiya daban. A gudun kilomita 100 iska takan shiga ƙarƙashinsa, ya riƙa dukan jikin jirgi, ƙurar da ta maƙale ta zama sanfefa. In igiya ta tsinke, gilashin motar da ke biye ne zai karɓe shi.

Idan ba wanda aka ɗinka daidai jikin jirgin ba ne, mai ɗamara da za a tamke ta ƙasa, gara in tafi da shi a buɗe. Ko da na rufe, bayan tafiyar kwata nakan ratse gefe in sake jan ɗamarun, 'yata tana leƙowa ta taga tana cewa, "Baba, har mun iso?"