Wayar da ba na iya kashewa

Mai ƙaramin kamfanin intanet ba ya ƙin amsa baƙuwar lamba. A nan Maradi, kowane kira zai iya zama na mai shagon da layinsa ya yanke. ’Yan talla sun san haka. Imel da lambar da muka sa a rajistar AFRINIC, don a same mu in matsala ta taso, su suke kwasa su yi ta tallata mana eriya da na’urori. Manyan kamfanoni suna da sakatare. Mu kuwa mai hawa rufi shi ne mai ɗaukar waya. Minti biyar da ɗan talla ya cinye mini, na abokin cinikina ne. Shi ya sa ko kayansa sun fi araha, ba na saya.