Daga Kano zuwa Alƙahira: Awa Huɗu ko Kwana Shida?

Da muka komo daga taron malamai a ƙasar Masar, sai 'yan ajinmu suka kewaye mu suna tambaya, "Malam, ashe Masar kusa ce?" Dalilinsu kuwa shi ne sun ji awa huɗu da 'yan mintoci kaɗai muka yi a sama, wato kamar mai zuwa Jos daga Kano a mota. To, ga amsar da muka ba su.

Tsakanin Kano da Alƙahira akwai kimanin kilomita 3,100 in an miƙe sak, wajen mil 1,900 ke nan. Jirgin da ya ɗauke mu yana cin kilomita 850 a awa guda, yana tafe sama da mita 10,000 daga ƙasa. Da muka bar Kano, mun ga gonaki da ƙauyuka kamar an watsa tsaba. Jim kaɗan suka ɓace, sai rairayi da duwatsu, ba gari, ba itace, ba ruwa. Aka kawo abinci muka ci, muka yi gyangyaɗi, muka farka, har yanzu hamada ce. Sai dab da sauka muka hango Kogin Nilu, da koren gonaki a gefensa kamar zare. Agogon Masar yana gaban namu da awa ɗaya, da rani kuma biyu, don haka muka gyara namu.

Da can ba haka tafiyar take ba. A shekarar 1925 jirage uku na sojan Ingila suka tashi daga Helwan, kusa da Alƙahira, ran 27 ga Oktoba, ba su sauka Kano ba sai ran 1 ga Nuwamba. Gudunsu bai kai kilomita 200 a awa ba, man da suke ɗauka kuma kaɗan ne. Saboda haka ba su yi gangancin ratsa tsakiyar hamada ba. Suka bi Nilu zuwa Kartum, suka juya yamma ta Fashir da Maiduguri, suna sauka suna shan mai. Kafin su kuwa, fatake da raƙuma watanni suke yi a hanya, wasu ma can suke barin ƙasusuwansu.

Saboda haka muka ce wa yaran, Masar ba ta matso ko taku ɗaya ba. Jirgi ne ya ƙara sauri. Hamadar da muka tsallake muna shan shayi tana nan da faɗinta da ƙishirwarta. Har yau samarinmu suna hawa bayan motoci daga Agadas za su Libiya neman kuɗi, suna kwanaki cikin rairayi, in mota ta lalace jarkar ruwa ce kaɗai tsakaninsu da mutuwa. Da yawa an binne su ba tare da iyayensu sun ji labari ba.

Iyaye, in ɗanku ya zo yana cewa, "Baba, ai tafiyar ba nisa," ku zaunar da shi ku buɗe taswira tare. Ku tambaye shi ta sama zai bi ko ta ƙasa, kwana nawa ne, ina kuma rijiya take a hanya. Allah ya kiyaye matafiyanmu, ya komo da su gida lafiya.