Kada Mu Zubar Da Kakin Zuma

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwa a kan wata dukiya da mu ke zubarwa.

Na lura a ƙauyukanmu idan an sauke amya, an matse zuma, sai a watsar da saƙar a juji. Alhali kuwa a cikinta kaki ya ke. Masana sun ce sai ƙudan zuma sun sha zuma kamar awo 6 zuwa 8 kafin su yi awo ɗaya na kaki. Ashe wanda ya zubar da saƙa ya zubar da zuma mai yawa bai sani ba. Mutanen Habasha sun gane wannan, har suna sayar da kaki ƙasashen Turai. Mu kuwa mu zubar da namu, sa'an nan mu je kanti sayen man shafawa.

Ga yadda ni ke fid da shi. A ƙulle saƙar a ƙyalle mai tsabta, a sa a tukunyar ruwa, a hura wuta kaɗan kaɗan. Kaki ba ya bukatar tafasa, yana narkewa tun zafi na wajen digiri 63. Zai tsattsafo ta ƙyallen ya taso bisa ruwa. A sauke, a bar shi ya kwana. Da safe a ɗauke shi kamar faifai, a kankare dattin ƙasansa. Kada a dafa a tukunyar ƙarfe mai tsatsa, gama tana baƙanta shi. Kada kuma a aza shi a wuta ba ruwa, domin yana kamawa kamar mai.

A gidana, in hunturu ya gabato, mukan narka awo ɗaya na kaki da awo 4 na man kaɗe, a ƙaramin kwano cikin ruwan zafi. Shi mu ke shafa wa faso da leɓen yara. Ragowar mu zuba wa lagwani na abawa mu yi kyandir. Dukawa kuma da shi su ke goge zare don ɗinki ya yi ƙarko.

Mai saye a kasuwa ya yi hattara, ana gauraya shi da farin kakin da a ke samu daga man fetur. Na gaske yana ƙanshin zuma, in an karya shi kuwa cikinsa garas-garas ne, ba ya sheƙi.

Ina roƙon malaman makaranta su koya wa yara wannan, limamai kuma su tuna wa masu amya kada su ƙone ƙudan da wuta, hayaƙi ya isa. Halittar da Allah ya ambata a Suratun Nahli ta cancanci tausayi, kuma ƙudan da aka ƙone bana ba za su ba da kaki baɗi ba.

Wassalam.

Ni ne,
Wani Malamin Makaranta